Na'urar POS ta banki ko ta kamfanonin manhaja?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wace na'urar POS za ka ɗauka don buɗe rumfa. Tsakanin ta banki da ta kamfanonin manhaja irin su Moniepoint da OPay, ni ta Moniepoint ce a rumfata yau shekara uku.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023. Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, wani dattijo ya sayar da bijimi, mai saye ya yi ta fama da wayarsa, kuɗi sun ƙi tafiya, dattijo kuwa ya ƙi sakin igiya. Aka kawo su wurina. Mutumin ya zura kati, kafin dattijo ya gama gyara rawaninsa rasit ya fito. Na ƙirga masa ɗan tsabar da ke hannuna, sauran na tura asusun ɗansa. Har gobe in dattijon ya shigo kasuwa wurina yake fara tsayawa.

Ta banki na riƙe wata huɗu. A cire wa mutum kuɗi, ba su shigo ba, sai ka biya mota zuwa Gumel ka cike takarda, a ce ka dawo wani mako. Abin da zan yaba mata ɗaya ne: inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, tana biyan har naira miliyan 5 a manyan bankuna, ƙananan bankuna irin Moniepoint kuwa miliyan 2. Shi ya sa ba na tara kuɗi a ciki, na juyawa kawai nake bari.

Kada ka ɗauka kamfanonin nan ba su da mai tsawata musu. A Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya hana su buɗe sabbin asusu har zuwa Yuni. Tun Disamban shekarar kuma harajin naira 50 a kan tura kuɗi daga dubu 10 zuwa sama ya hau kansu su ma, sai ka sa shi a lissafin cajinka. Rajistar CAC, hukumar yi wa kasuwanci rajista, ma dole ce.

Ka kiyayi masu yawo da na'urar da wani ya riga ya yi amfani da ita suna cewa araha ce. In da sunan wani aka yi mata rajista, ranar da aka rufe asusun ba ka da bakin magana. Wanda kuma ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo ne, kashe wayar.

Ɗauki ta manhaja, da BVN da NIN ɗinka, daga hannun wakilin da mutanen gari suka san gidansu. Kafin ka biya, ka gwada sabis a daidai inda za ka kafa rumfar.