Kula da lafiyar masu shaye-shaye a bayan kanta: bita daga Zariya

A takarda dai tsarin ba laifi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 24 in kotun ba ta wuce kilomita 40 ba, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ba shi damar a duba shi wurin likita. Asibiti ma ba nisa: ga Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na ABU a Shika.

Inda aikin ke yawan gazawa shi ne a kanta, lokacin karɓar mutum. Ana rubuta suna da laifi, a karɓe bel da waya, amma tambayoyi uku da za su ceci rai sukan wuce: me ka sha, nawa, tun yaushe? Tiramol ɗin da ake sayarwa a ɓoye yakan kai miligiram 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100, kuma yana jawo farfaɗiya. Kodin da ƙwayar sa barci ta Rohypnol in suka haɗu suna danne numfashi. Wanda ke munshari mai nauyi, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashinsa bai kai 12 a minti ba, ba barci yake ba. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti. Allurar naloxone tana farfaɗo da wanda kodin ya danne, amma ƙarfinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka mai da shi sel da zarar ya buɗe ido haɗari ne.

Kwana na biyu da na uku ma akwai haɗari, kuma nan ne aka fi sakaci. Wanda ya saba da barasa yana iya fara karkarwa da gane-gane tsakanin awa 48 zuwa 72 bayan shansa na ƙarshe, abin da ke iya kashe mutum. Mai kodin kuwa in ya rasa shi, gumi, amai da gudawa ke tsotse masa ruwan jiki, ga zafin sel. Ruwan gishiri da sukari, leda ɗaya a lita ɗaya, ba tsada gare shi ba.

Hukuncinmu: kulawar ta dogara ne ga hankalin ɗan sandan da ke bakin aiki da kuma aljihun iyaye, wannan kuwa bai wadatar ba. Iyaye su faɗa wa DPO abin da ɗansu ke sha, su nemi a rubuta, a kuma riƙa leƙa shi duk rabin awa a daren farko.