Malafa a inda babu rana: sharhina kan hular mai tonon tarihi a NetHack

Zorkmid ɗaya tak, wato ƙwandala ɗaya a kuɗin wasan kwamfuta na NetHack. Farashin da wasan da kansa ya yanka wa hular nan ke nan, kuma har zuwa Asabar ɗin da ta wuce gani nake ko a hakan an yi mata alfarma. Masu buga NetHack sun san wadda nake nufi: fedora, malafar yadin nan da ake kifa wa mai tonon kayan tarihi a ka tun bai taka matakalar farko ba. A ba ka bulala, rigar fata, diga, buhu da guzuri, sannan a ɗora maka malafa, kai ka ce kasuwar Kejetia ta Kumasi za ka tallan doya. To a Kejetia malafa tana da aiki, duk matar da ta wuni a bakin tirenta da irin saƙar Bolga za ta gaya maka. Amma a ƙarƙashin ƙasa, inda ko fitila sai ka yi sa'a, inuwar me za ta yi maka?

Ni gyaran waya nake yi a Adum, kuma wani tsohon laftof gare ni da wasannin zamani suka fi ƙarfinsa. NetHack kaɗai ne ba ya sa shi nishi, tunda haruffa ne zalla: kai @ ne, tarko ^, sutura [. Wasan ya fito tun 1987, ya girme ni, kuma na 3.6 nake bugawa. In ka mutu a cikinsa ka mutu ke nan, sai dai a zana maka kabari a rubuta abin da ya kashe ka. A kabarina na daren Alhamis dutse aka rubuta.

Ga yadda aka yi. Ina hawa na 3, diloli sun taru sun yayyage ni, da ƙyar ni da karena muka gama da su, jinina ya rage 5. Na ce bari in lallaɓa in koma kusa da matakala in huta. Taku huɗu na yi, sai rufi ya buɗe, dutse ya faɗo mini a ka. Kuma wasan, don cin fuska, sai da ya rubuto mini cewa malafata ba ta kare ni ba. Na sani mana! Tarkon dutse yana cin jini daga 2 zuwa 12, amma in hular ƙarfe ce a kanka 2 kawai zai ci. Wato da hular kwano ce da na tashi da 3, na karkaɗe ƙura na wuce. Awa biyu da rabi suka tafi a banza, kokon da na ajiye a gefe ya huce, ni kuma ina zaune a ɗaki a Aboabo ina zagin hula.

Don kuwa lambar kariyarta sifili ce. Sifili fa. Kana farawa da 10, ana son lambar ta yi ƙasa, rigar fata ta mai da kai 9, malafa kuwa ka sa ko ka cire kana nan a 9 ɗinka. Hular ƙarfen wadanni, gajerun mutanen nan na cikin wasan, tana rage 2 gaba ɗaya, kuma ba saye ake yi ba, ka kashe wada ka cire daga kansa. Shi ya sa da na buɗe sabon wasa ranar Asabar bayan isha'i, abu na farko da na yi niyya shi ne in danna T in tuɓe ta in yar a bakin ƙofa, don huce haushi kawai. Ƙanena, wanda shi ya koya mini wasan tun yana makaranta, yana kwance a tabarma yana latsa waya, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Yaya, bar ta mana. Nauyinta 3 ne, me ta tsare maka?" Na ce ta tsare mini numfashi. Ya ce, "To bar ta har ka samu ta ƙarfe." Na bar ta, ba don na yarda ba, sai don ba na son musu da yaro.

Na gangara ramukan haƙar ma'adinai da zuciya ɗaya: wada nake nema. Da yake ɗan adam na zaɓa, ba su ga maciji da ni, ni ma hakan nake so. Na kashe na farko, diga ce da takalman ƙarfe, babu hula. Na biyu wuƙa da mayafi, kai a buɗe kamar ɗan kamu. Har na fara zargin wasan da gangan yake yi mini. A hawa na biyu na ramukan sai ga saƙo ya wulga a saman allo, wani abu game da igiyar tunani da ta ratsa ni. Ban tsaya karantawa ba, don idona yana kan wani h mai ruwan hoda mai duhu da ya leƙo daga lungu. Wada ja ne, mai gidansu shuɗi, sarkinsu kuwa wannan launin ne. Na ce alhamdulillahi, sarki ai ba ya yawo babu hula. Akwai madannin ; da za ka danna a gaya maka ko wane ne kafin ka matsa. Daƙiƙa biyu ce. Ban danna ba. Na zare diga na nufe shi da kaina, kamar mai zuwa karɓar bashi.

Ba sarki ba ne. Dodon nan ne mai shan ƙwaƙwalwa, wanda wasan ke kira mind flayer, harafinsu ɗaya launinsu ɗaya da sarkin wadanni. Wanda bai taɓa gamuwa da shi ba: igiyoyi uku gare shi a fuska, kowane zagaye sai ya kai wa kanka hari da dukansu. Duk wadda ta shiga za ta zuƙe maka basira maki 1 ko 2, kuma in basira ta sauka zuwa 3 aka ƙara zuƙa, ka mutu ko da jininka a cike yake. Yi lissafi da kanka, kai a buɗe zagaye nawa za ka yi? Ni da na ga sunansa a allo sai da cikina ya ɗuri ruwa. Na ce da ƙanena, "Zo ka ga wani kabarin."

Sai allon ya fara rubutu. Hularka ta tare harin. Hularka ta tare harin. Hularka ta tare harin. Na ɗauka idona ne. Ƙanena ya taso ya durƙusa a gefena yana cewa, "Yaya, kada ka sake dukansa, gudu!" Ni kuwa don tsabar rikicewa na sake kai masa diga, na kuskure. Igiyoyi uku kuma, hula ta tare biyu, ɗaya ba ta same ni ba. Na ce bari in rubuta Elbereth, kalmar da ke korar dodanni, a ƙura, tunda wannan dodo yana cikin masu tsoron kalmar. Yatsa ya zame, harafi ɗaya ya lalace, rubutun ya zama shirme. A nan ne ɗaya ta kutsa, aka rubuto mini cewa an ci ƙwaƙwalwata, basira ta sauka da 2, sunayen wasu kwalabe da na sha wahalar ganewa suka goge, taswirar wani hawa na sama ta ɓace kamar ban taɓa zuwa ba. Daga nan na bi maganar yaro. Abin da ya taimake ni, mai tonon tarihi da sauri aka haife shi, ya ɗan fi dodon ƙafa. Matakalar hawa tana can bayan wani siririn lungu, taku goma sha wani abu. Na riƙa danna madanni ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana rawa, maƙwabta suna kallon ƙwallo ana ihu ni ban ma ji ba. Sau biyu ya cim mini a kwana, sau biyu malafar nan ta yadi tana karɓar abin da ya kamata ƙoƙon kaina ya karɓa. Na taka matakala da jini 6, na haye, bai biyo ni ba.

Da na samu natsuwa ƙanena ya bayyana mini dalili. A wajen wannan dodo wasan ba ya tambayar ƙarfe ce ko yadi, tambayarsa kawai akwai wani abu a kanka? In akwai, cikin hari 8 za a tare 7. Wato da na yar da ita a bakin ƙofa kamar yadda na so, da tuni an zana mini kabari na biyu a mako guda, kuma a wannan karon rashin ƙwaƙwalwa za a rubuta, wanda da gaskiya ne ta kowace fuska. Daren nan na yabi hular nan yabon da ban taɓa yi wa wani kaya a wasa ba. Na ce ba ta tsatsa in tarkon ruwa ya fesa maka, ba ta hana mai tsafi jefa tsafinsa kamar yadda hular ƙarfe ke yi, sawa da cirewa nan take ne. Har na ce da ƙanena gobe waakye ɗinsa a kaina, da ƙwai da wele.

Amma da gari ya waye ina cikin trotro zuwa shago, sai haushin ya dawo mini sabo. Tsaya tukuna. Wannan 7 cikin 8 ɗin ai hular ƙarfe ma tana bayarwa, ƙwandala ba ta ragu ba. Ta ba ka shi, ta ƙara maka kariya 2, ta kuma tare maka dutse. To me malafa ta yi da ya zama nata na kanta? Ba ta fi kowa ba, tsirara kawai ta fi. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, shi ke nan. Kuma in an bi salsala, wa ya kai ni gaban dodon? Neman abin da zan maye gurbinta da shi. Da tun farko an ba mai tonon tarihi, mutumin da sana'arsa haƙa ce, hular da ta dace da mai haƙa, da ban je ina farautar sarakuna ba. Gwada ɗaga diga ka sari rufi ka gani, dutse zai ɓallo ya sauka a kanka, malafa tana kallo. Mai haƙar zinariya na Obuasi zai shiga rami da wannan? An dai yi ta ne don kwalliya, don a tuna da jarumin wani fim na Amurka mai bulala da malafa, mu kuma mu biya da kawunanmu. Yadi ce kuma, wuta tana cin ta.

Abin da ya ƙara cusa mini takaici ya faru jiya. Na tsinci takardar tsafi guda ɗaya ta ƙarfafa sutura, abin da mutum kan yi hawa biyar bai gani ba. Na karanta ina fatan ta sauka a kan takalman ƙarfen da na ƙwato. Sai malafa ta yi walƙiya fari fat kamar azurfa. Yanzu ta zama +1. Ba a fi minti goma ba na kashe wada na uku, ga hular ƙarfe a ƙasa tana jirana. Ko da ƙarin da aka yi mata, ta ƙarfen ta fi ta da maki guda, ga maganar dutse. Na daɗe ina kallon allo. Ƙanena yana dariya yana cewa, "Yaya, amana fa." Na ce amanar me, ita ta kashe ni ranar Alhamis.

Na dai sa ta ƙarfen. Malafar tana cikin buhu tare da guzuri, ban iya yar da ita ba, kuma in tarkon ruwa ya cinye wannan da tsatsa zan san inda zan dosa. Dodon yana nan a hawan da na baro shi, tsakanina da garin wadanni inda shaguna da wurin ibada suke, kuma har yanzu ban yanke ko ta matakala zan sauka ko rami zan haƙa daga can nesa in faɗa ba.