Ku yi hattara da mai "maganin wanke kitse" na WhatsApp

Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun shekaranjiya raina a ɓace yake, na ce bari in rubuta ko Allah zai sa wani ya tsira, don abin da ya samu gwaggona ba na fata ya samu uwar kowa.

Akwai wani mutum da ke bin gurup-gurup na mata yana tura bidiyo, wai yana da maganin da ke wanke kitse da kolestarol a dare ɗaya, na jijiya da na hanta da na tumbi duk zai fito ta bayan gida ka gani da idonka. Kwalba ɗaya da ƙullin gari, dubu 25, sai ka tura kuɗi tukuna a ba direba ya kawo maka tasha, babu shago babu lambar NAFDAC, takarda ce kawai aka buga aka manna a jikin kwalbar. Gwaggo tana da hawan jini kuma likita ya ce kitsen jininta ya hau, an ɗora ta kan ƙwaya tana sha kullum da dare, shi ne wannan mutumin ya ce ta ajiye na asibiti wai ba sa haɗuwa da nasa. Wata biyu ta ajiye, ba wanda ya sani a gida.

Yadda ya tsara mata shi ne ta daina cin abinci tun azahar, da magariba ta jiƙa garin mai ɗaci ta sha, da za ta kwanta ta juye kwalbar a kofi ta matse lemon tsami da yawa ta shanye. Kafin asuba gudawa ta kece mata, kuma gaskiya ne wasu ƙwallaye kore-kore sun fito suna yawo saman ruwa, wasu kamar wake wasu kamar gurjiya. Ta wanke su ta zuba a roba, tana murna ta kira ni, "Zo ka gani ɗan nan, dubi abin da ke cikina shekara da shekaru." Hannunta na rawa leɓenta ya bushe. Na shinshina kwalbar, man zaitun ne. Na ɗauki ƙwallo ɗaya na sa a murfin kwano na ajiye a rana, kafin in gama alwala ya narke ya koma mai.

Man da ta sha ne da kansa ya fito. Idan mai ya shiga hanji akwai sinadarin da ke yayyanka shi, ana ce masa lipase, to gutsattsarin man nan idan suka yi yawa suka haɗu da gishirin da ke cikin ruwan lemon sai su dunƙule su zama kamar sabulu, ruwan maɗaciya ya rina su kore. Duk macen da ta taɓa haɗa sabulu da soda da manja ta san yadda mai ke daskarewa. Kuma wannan dabarar tsohuwa ce, a 2005 an gwada irin ƙwallayen nan a ɗakin gwaji a New Zealand, suka narke a zafin digiri 40, ba a samu kolestarol a cikinsu ba.

Kolestarol ɗin da likita ke magana ba a hanji yake zaune ba, a cikin jini yake, kuma tunda mai ba ya gauraya da ruwa sai jiki ya naɗe shi cikin wasu 'yan ƙunshi ya tura, su ne LDL da HDL da kuke gani a takardar gwaji. Idan LDL ya yi yawa a hankali yake shigewa cikin bangon jijiya ya taru shekara da shekaru, babu wata hanya kai tsaye da zai bi daga can zuwa masai a dare ɗaya. Kuma wanda ya ce zai cire maka shi gaba ɗaya ai kashe ka zai yi, jikinka ne da kansa ke haɗa mafi yawansa don kowace ƙwayar halitta a jikinka da shi aka gina fatar da ta lulluɓe ta, da shi ake yin ruwan maɗaciya da bitamin D da sinadaran haihuwa na maza da mata. Bitamin A da D da E da K ma ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo a abinci.

Mai maganin ya ce wa Gwaggo ta hau sikeli za ta ga ta ragu, ta kuwa ragu kilo 2, amma ruwan jikinta ne gudawa ta kwashe. Kitse kilo ɗaya kusan kalori 7,700 ne, wato ma'aunin ƙarfin abinci, ba ya ƙonewa a dare ɗaya, kuma idan jiki ya ƙone shi yawanci ta numfashi yake fita. Abin da ya fi ba ni tsoro, mai tsakuwar maɗaciya ta gaske idan ya ɗirka mai haka maɗaciyar za ta matse da ƙarfi, tana iya turo tsakuwar ta toshe hanya, sai tiyata.

Gwaggo dai jiri ya kayar da ita a tsakar gida, sai da aka ƙara mata ruwa leda uku, jininta ya hau sosai. Alhamdulillah ta dawo gida ta koma kan maganinta. Na kira mutumin ya yi bulokin ɗina, yau kuma wata ƙanwata ta turo min bidiyonsa a wani gurup da sabon suna da sabuwar lamba, muryar dai ita ce. Don Allah ku tambayi iyayenmu mata ko sun saya, da yawa ɓoyewa suke, wanda kuma ya ajiye maganin asibiti ya koma ya faɗa wa likitansa gaskiya. Kwalbar da ragowar garin suna hannuna, ranar Litinin in sha Allah zan kai su ofishin NAFDAC na jiharmu tare da shaidar tura kuɗin.