Kawu, kafin ku aiko da agogon nan Ingila

Assalamu alaikum Kawu. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya fama da jama'a? Saƙonku ya iso game da agogon da kuka sayo a Dubai, wanda kuka ce ya fara yin hazo a cikin gilashi, kuna so a kawo mini in kai wa kamfani tun da yana da garanti. Zan kai da yardar Allah, amma ku bari in fara gaya muku yadda gyaran agogo yake a ƙasar nan, don ba kamar na Sabon Gari ba ne.

A gida kun san mai gyaranku. Yana zaune bayan ɗan akwatinsa na gilashi, ya maƙala madubi a ido, ya buɗe agogon a gabanku, ya ce ƙura ce ko batir, ku yi ciniki, kafin a kira la'asar ya gama. Nan Birmingham mai gyaran ma ba za ka gan shi da idonka ba. Wata ce za ta karɓe ka a kanti da fara'a, har da shayi, ta rubuta duk wani ƙarce da ke jikin agogon, ta ba ka takarda. Daga nan sai a tura shi cibiyar kamfanin, idan tsoho ne ko mai wuyar inji a wuce da shi Switzerland. Bayan makonni sai saƙo ya zo da ƙiyasin kuɗi. Babu "a rage mini", babu "albarka". Ka yarda ko a dawo maka da kayanka yadda ka kawo. Aikin kansa yakan ci wata biyu, wani sa'in fiye.

Maganar garanti kuwa, katin garantin da ake bayarwa tare da agogo suke fara tambaya kafin su dubi agogon. Rolex tun 2015 shekara 5 take bayarwa, Omega ta bi sahu a 2018, Cartier da IWC kan kai shekara 8 idan mutum ya yi rajista a intanet. Amma sai katin ya fito daga dilan da kamfanin ya amince da shi, da kwanan watan saye, lambar jikinsa kuma ta yi daidai da ta agogon. Nan ne nake jiye muku. Kantuna da yawa a Dubai agogonsu na gaske ne amma su ba wakilan kamfani ba ne, garantin da suke faɗa da baki nasu ne na kanti, iyakarsa ƙofar kantin.

Ko katin ya cika, garanti na kuskuren masana'anta ne kawai. Faɗuwa, fashewar gilashi, tsinkewar maɗauri, duk naka ne. Ruwa kuma shi ne abin gardama. Mu masu alwala sau biyar a yini, idan aka saita lokaci aka manta ba a murɗe ɗan kan nan na gefe ya kulle ba, ruwa zai sami hanya. Su kuma za su gwada agogon da na'ura, in suka ga robobinsa masu tare ruwa lafiya suke sai su ce sakacin mai shi ne. Sannan idan wani hannu ya taɓa buɗe bayansa suna ganewa, daga ƙarcen murfi ko irin man da aka ɗiga. Don haka in kun taɓa miƙa wa mutuminku na kasuwa ya leƙa, ku faɗa mini tun yanzu, kada in je ina rantsuwa a gaban Turawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba sa son ƙaramin gyara. Wani abokina ɗan Zariya na raka, kan agogonsa ne kawai ya saki. Suka ce ba za su taɓa shi ba sai da cikakken sabis: a warware injin gaba ɗaya, a wanke, a sa mai, a canza robobi. Takardar ta zo kashi biyu, na dole da na ganin dama, na dolen kaɗai ya haura fam 600. Ku buga da naira ku gani. Hujjarsu ita ce ba za su tsaya wa aikin da ba su duba dukkansa ba. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai ciniki ma.

Game da tsohon agogon marigayi Baba da Gwaggo ta ce a haɗo da shi, ni dai ban goyi baya ba. Al'adar cibiyoyin nan ita ce su mayar da agogo kamar sabo. Sai su goge jikinsa har kusurwoyinsa su zaizaye, su canza fuska da hannaye, tsofaffin kuma sau da yawa ba sa dawo da su. Agogo ya dawo yana ƙyalli amma ba wanda muka sani a hannun Baba ba, kuma a wajen masu sayen tsofaffin agogo darajarsa ta faɗi. In ba makawa sai an kawo shi, a rubuce zan sa kada a goge, kada a canza fuska.

Za ku ce me ya hana in nemi mai gyara mai zaman kansa. Akwai su, ƙwararru ma, a unguwar maƙeran zinariya ta Birmingham da Hatton Garden a Landan. Matsalarsu kayan gyara. Manyan kamfanonin sun riƙe abinsu sai ga wanda suka yi wa rajista. Swatch Group, mai Omega da Longines da Tissot da Rado ɗin nan da alhazanmu ke so, ta daina sayar wa dillalai kayan gyara daga ƙarshen 2015. Ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai ta kai kuka gaban hukumar Tarayyar Turai, aka yi watsi da shi a 2014, kotu ta tabbatar a 2017. Shi ya sa dattijo mai shekara arba'in a sana'a zai ce maka ya san ciwon amma ba shi da maganin.

Ba zan tauye wa cibiyoyin kamfanonin haƙƙi ba, aikinsu yana kyau. Suna gwada shi kwanaki kafin su sake shi, Rolex ma'auninta kada ya wuce sakan 2 gaba ko baya a yini, kuma aikin sabis yana da nasa garantin, galibi shekara 2. Mutuminmu na kasuwa ba shi da na'urar gwajin ruwa, da ya rufe murfi sai addu'a. Dokar masu saye ta 2015 ma tana da ƙarfi, kwana 30 kana iya mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka. Sai dai kantin da ya sayar maka a nan take kamawa, ba ta san na Dubai ba. Kuma cibiyoyin suna duba lambar agogon: in jabu ne ba za su taɓa shi ba, in an taɓa kai rahoton sace shi magana ta zama wata.

Batun in sayo muku sabo a nan kuwa, ku bar shi. Harajin kaya kashi 20 cikin 100 ne, kuma tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi shi a filin jirgi.

Yanzu dai ku sa yara su ɗauko mini hoton katin gaba da baya, da rasit, da bayan agogon. Ku cire shi daga hannu, kada ya ƙara ganin ruwa, don tsatsa ba ta jira. In katin ya yi, sai a ba amintaccen matafiyi ya riƙo a jikinsa, kada a sa a jakar kaya. In bai yi ba zan fara jin farashin masu zaman kansu in gaya muku.

A gaida Gwaggo da yara. Allah ya ƙara lafiya.