Gilashin bayan mota ya fashe a Sakkwato: sabo, ɗan Beljiyam ko na China?

Gilashin baya ba irin na gaba ba ne, da zai tsage a lallaɓa a ci gaba da hawa. Ranar da ya tashi fashewa gaba ɗaya yake dagargajewa kamar tsakin masara, rabi kan kujera, rabi cikin but. Da gangan aka yi shi haka. Na gaba falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakiya, shi ya sa in tsakuwa ta buge shi ake iya ɗura wa wurin gam a ci gaba da aiki da shi. Na baya kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne da aka gasa da zafin da ya haura digiri 600, sannan aka huce shi da iska nan take. Gashin ne ya ba shi ƙarfi, shi ne kuma ya sa ba ya barin manyan tsinaye masu yanka mutum. Amma ba shi da gyara, kuma ba ya yankuwa. Duk wanda ya ce zai rage maka gilashin wata mota har ya shiga taka, ka gode masa ka wuce.

Abin da ya rage sai canji, kuma kada a daɗe. Na san akan ɗaura leda ko kwali a ce sai ƙarshen wata. Kwana biyu ba laifi. Amma mota mai buɗaɗɗen baya tana jawo hayaƙin salansa zuwa ciki in tana gudu, kuma gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, yaran da ke kujerar baya ne za su fara shaƙa. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan Agusta da zai jiƙa sifikoki ya kwanta a but ya fara tsatsa. Direba kuma ya rasa madubin tsakiya a garin da 'yan kabu-kabu da masu keke napep ke fitowa ta ko'ina.

Kafin ka tambayi kuɗi, ka san ainihin gilashin da kake nema. "Na Corolla" ba amsa ba ce. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka daban take da ta Turai. Golf 3 ƙarama da doguwarta ba gilashi ɗaya suke sha ba, haka Peugeot 406 mai but da doguwa, haka Accord mai ƙofa huɗu da mai ƙofa biyu. Ka ɗauki hoton lambar jikin motar, wadda masu sana'a ke kira cesis. Haruffa da lambobi 17 ne. In ta fara da J a Japan aka ƙera motar, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, VF Faransa, kuma a motocin Amurka na goma a jerin shi ne ke nuna shekara. Sai ka duba abin da ke jikin tsohon gilashin: akwai layukan ɗumamawa? Akwai ramin waifa, kamar na Golf, Sharan da Sienna? Akwai wurin fitilar birki? In wata kusurwa mai tambari ta tsira daga fashewa, kada a share ta, ka tafi da ita kasuwa.

Sabon gilashi na asali, mai tambarin kamfanin motar, shi ne mafi kwanciyar hankali kuma mafi tsada. Ga motar da ba ta daɗe da fitowa ba, ko wadda inshora za ta biya, babu dalilin neman wani. Ga tsohuwar Vectra kuwa samunsa ma aiki ne, kuma ban ga amfanin kashe wannan kuɗi ba.

Yana da kyau a san cewa Toyota da Honda ba su ke yin gilashin da kansu ba. Kamfanoni irin su AGC, Pilkington, Saint-Gobain Sekurit da Fuyao ne ke yi musu, su buga tambarin motar. Fuyao ɗin nan na China ne, kuma yana da masana'anta har a jihar Ohio ta Amurka. Saboda haka cewa "na China ne" kawai ba ta isa hukunci ba. Akwai na China mai suna, irin FY da XYG, akwai kuma wanda babu wanda ya san uban da ya haife shi. Bambancin yana kusurwar gilashin. Nagari zai nuna sunan kamfani, da kalmar DOT tare da lambar da ke nuna masana'antar da ta yi shi, ko harafin E cikin da'ira da 43R a kusa, ko alamar CCC ta China. Na baya yakan ɗauki alamar AS2 a cikin tambarin, ko AS3 in mai duhu ne daga kamfani. Tambarin a gase yake a jikin gilashin. In ka kankare da farce ya fita, ka ajiye. Matsalar mai arha maras suna ba ta cika zama ƙarfi ba, lanƙwasa ce. In bai bi siffar motar daidai ba, mai sawa zai danne wata kusurwa da ƙarfi, gilashin ya zauna a takure. Motar da ke wuni a ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sannan ta bi ramukan hanya, ba za ta daɗe da irin wannan ba. Ka ɗaga shi ka hangi turken lantarki ta cikinsa. In turken ya yi kwana-kwana, haka motocin da ke bayanka za su riƙa yi maka a madubi.

Sai ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da aka yanka a waje. Ga tsofaffin motocin da suka cika titunanmu, a ganina shi ne ya fi dacewa, in dai ka duba da idonka. Gilashi ne na asali, an riga an gwada shi a jikin mota irin taka, layukansa da ramukansa suna inda ya kamata. Kuma gilashi ba ya gajiya kamar fiston. In bai ji rauni ba, shekarunsa ba su rage masa komai ba. Raunin ne abin nema. Mai kaya zai ce maka, "Alhaji, wanga na Beljiyam na, ko ƙwarzane babu." To, a fito da shi rana a wanke. Ka bi gefensa da yatsa daga farko har ƙarshe, domin a gefe gasasshen gilashi yake da rauni, kuma ɗan ɓalli ƙarami da aka yi wajen cirewa shi ne ke zama fashewar da ake cewa "haka kawai ya tashi". Ka duba baƙin zagayen da ke gefe. Ba ado ba ne, shi ke kare gam daga hasken rana; in ya kankare, rana za ta cinye gam ɗin, kuma rana ba abin da muke rashi ba ne. Ka duba sawun waifa, in farce yana maƙalewa a ciki to zai riƙa walƙiya da fitilun dare.

Layukan nan masu launin jan ƙarfe su ne inda aka fi cutar mai saye. Mutane kan ce me za a yi da abin ɗumama gilashi a Sakkwato. Duk wanda ya tuƙa mota cike da mutane cikin ruwan damina, gilasai a rufe, ya san yadda baya ke yin hazo har ba a ganin komai. Bayan haka, a motoci da yawa, ciki har da Camry da Accord na shekarun 2000, eriyar rediyo tana cikin layukan da ke saman gilashin ne. Ka sa wanda ba shi da su, ko wanda aka yanke su da reza wajen ɓare tsohuwar baƙar leda, sai Rediyon Rima ta koma shuuu, ka yi ta zargin rediyon. Ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya a haske, ka tabbata kunnuwan ƙarfen da ake soka waya suna nan daram a hagu da dama. In kana da mai riwaya da ka yarda da shi, ya zo da mitarsa ya auna kafin ka biya.

Akwai kuma na gida, wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari nan ƙasar. Ba laifi ba ne a saya, dubawar ɗaya ce, sai dai a kira shi da sunansa a kuma saya da kuɗinsa. Roba mai kama da gilashi da wasu ke yankawa su ɗaure da ƙusa kuwa ban ba kowa shawararta ba: tana dushewa, tana karcewa, ba ta toshe ƙura.

In gilashin yana cikin gari, wajen masu kayan gyara da ke kewaye da garejojin J. Allen ko Buzaye, ka huta, domin za ka gani kafin ka biya. In babu, sai a yi waya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. A nan ne lissafi ke canzawa. Kuɗin da aka faɗa maka a waya ba shi ne kuɗin gilashin ba sai ka haɗa da na mota da na sawa. Kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: in ya fashe a hanya, ko ya zo bai shiga ba, asarar wa? Daga Kano zuwa nan ta Gusau ba gajeriyar tafiya ba ce ga falle ɗaya da aka cusa tsakanin buhuna. Na fi son mutum ya ƙara kaɗan ya bar wa mai shago na nan ɗawainiyar kawowa, a yi magana a gaban shaida cewa ba a biyan ciko sai gilashi ya hau mota lafiya. In dole sai kai za ka yi oda, a turo maka hoton tambari da na kusurwoyi huɗu ta WhatsApp, a kuma ɗauko shi a tsaye, an naɗe gefensa da kwali ko soso.

Duk wannan zaɓe zai tashi a banza in mai sawa bai iya ba, kuma nan ne na fi so a tsaya. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 roba ce ke riƙe gilashinsu, ana zura igiya a ja ta zauna. Na yanzu da gam ake manna shi, gilashin ya zama ɓangare na jikin motar. Gam ɗin yuretan ne, baƙi, irin na Sika ko 3M ko Betaseal. Silikon na tagar gida ba madadinsa ba ne ko kaɗan: ba ya riƙe nauyi haka, kuma in ya taɓa ƙarfen, gam na gaskiya ba zai ƙara kamawa da kyau ba sai an sha wahalar gogewa. Ka ce a nuna maka bututun kafin a buɗe, ka karanta ranar ƙarewarsa, domin wanda ya daɗe a shago mai zafi yakan daskare tun a ciki. Wanda ya san aiki ba ya kankare tsohon gam har ƙarfe. Yakan bar siririn shafe, kamar milimita 1 zuwa 2, sabon ya hau kai. Inda wuƙa ta karci fenti zai shafa firaima, wato shafen farko da ake yi wa ƙarfe kafin a sa gam. In ya ga tsatsa zai tsaya ya gaya maka, ba zai rufe ta da gam ba, domin a ƙarƙashi za ta ci gaba da ci har yoyo ya fara. In kuma dukan baya aka yi wa motar, mai gyaran jiki ne zai fara miƙe bakin ramin, a gwada gilashin a bushe a ga ya zauna, sannan a zo maganar gam.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Yuretan da damshin iska yake bushewa. Kamfanoni kan rubuta lokacin jira a jikin bututu, wani awa ɗaya, wani kusan wuni, amma a busasshiyar iskar Disamba da Janairu yana ɗaukar fiye da haka. Idan da hali, motar ta kwana a inuwa. A bar salatif ɗin da aka riƙe gilashin da shi, a sauke gilashin ƙofa kaɗan domin iskar rufe ƙofa kada ta tura shi waje, kada a buga but, kada a kai wanki sai bayan kwana biyu. Ba ranar da aka sa shi ake kama hanyar Illela ko Birnin Kebbi ba.

Game da duhu: in aka kawo maka AS3 alhali motarka da farin gilashi ta zo, ka sani tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda, kuma ko an sassauta na wani lokaci akan dawo da kamen. In za ka manna baƙar leda, ka bari gam ya gama bushewa. Inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gilashinka ba. Mai cikakkiyar inshora ko takaful shi ne zai ɗauki hoton ɓarnar ya kira su kafin a taɓa komai.

Ranar karɓar mota, ka sa a zuƙe ɓarɓashin da injin shara, a ɗaga kujerar baya, a duba ramin safaya taya da cikin murfin but, domin yara da hannu suke lalube. Ka kunna rediyo, ka taka birki wani ya duba fitilar sama, ka kunna waifa, ka danna abin ɗumamawa ka jira minti biyu ka taɓa gilashin ka ji. Bayan gam ya kama, ka shiga ciki ka zauna, wani ya riƙa zuba ruwa da buta a hankali daga saman gilashin zuwa kusurwoyi, kai kuma kana bin gefen da busasshen tsumma. In tsumman ya fito a bushe, ka biya ciko.