Sharhi kan allurar Gardasil da jirin da ke biyo bayanta

A ganinmu Gardasil allurar riga-kafi ce da ta cancanci yabo. Rabin mililita ce kacal, a tsokar damtse, kuma tana kare mace daga ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 da 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Tun 2006 ake amfani da ita, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya na iya wadatar da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Inda ake yawan kuka da ita shi ne jiri. Gaskiya ne, yana faruwa, har wasu su suma. Sai dai galibi laifin ba na ruwan maganin ba ne. Tsoro da zafin tsira allurar ne ke sa bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin jini su saki, jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya yi ƙasa na ɗan lokaci. Kafin yarinya ta faɗi za a ga alama: zufa mai sanyi, tashin zuciya, gani ya dushe, kunne na ƙara. Wata ma takan ɗan yi fizge-fizge, iyaye su zaci farfaɗiya ce, alhali da an kwantar da ita an ɗaga ƙafafunta, cikin minti ɗaya ko biyu ta dawo hayyacinta.

Haɗarin yana cikin faɗuwar, domin kai na iya bugun ƙasa. Saboda haka a yi allurar a zaune, a kuma ci gaba da zama minti 15. Kada ta zo da yunwa ko ƙishirwa. Masu jiran layi kuma kada su riƙa kallon wadda ake yi wa, don tsoro na yaɗuwa tsakanin sa'anni. Wurin da ake sallamar yara nan take, aikinsa bai cika ba.

Abin da ba a wasa da shi daban yake, wato alamun jiki bai karɓi maganin ba: borin jini, kumburin leɓe ko fuska, numfashi na sarƙewa, bugun zuciya da sauri. Wannan na buƙatar allurar adirenalin nan take, ko da yake da wuya ƙwarai ake ganinsa.

Ciwon damtse da ɗan zazzaɓi kan wuce cikin kwana biyu. Jirin da ya ƙi tafiya bayan haka, ko suman da ya maimaitu, a kai wa likita.