2000 AD: Mujallar da ba a yanke wa hukunci da fitowa ɗaya

Mujallar 2000 AD ta Birtaniya tana fitowa mako-mako tun shekarar 1977, kuma fitowarta ta farko tana ɗauke da kwanan watan 26 ga Fabrairu, lokacin da ake sayar da ita a kan peni 8. Kamfanin IPC ne ya kafa ta a ƙarƙashin jagorancin Pat Mills, amma tun shekarar 2000 tana hannun Rebellion, wani kamfanin wasannin kwamfuta da ke birnin Oxford, kuma Matt Smith ne editanta tun 2002. A yau tana fitowa kowace Laraba da shafuka kusan 32, ɗauke da ƙagaggun labaran kimiyya na zane guda biyar a mafi yawan lokuta, kowanne shafi biyar ko shida, sannan a ɗora daga inda aka tsaya a mako mai zuwa. Wanda ya sayi fitowa ɗaya don ya gwada zai iya ajiye ta yana ganin an cuce shi, domin abin da zai tarar shi ne tsakiyar labarai biyar da bai san mafarinsu ba. Ra'ayina shi ne ba a sanin ingancin wannan mujalla sai an bi ta na wata uku a jere, wato tsawon da labari guda yake ɗauka kafin ya kammala zango.

Judge Dredd shi ne ginshiƙin gidan. John Wagner da mai zane Carlos Ezquerra ne suka ƙirƙire shi, ya bayyana a fitowa ta biyu, kuma tun daga nan da wuya a buɗe mujallar ba a same shi ba. Dredd jami'in tsaro ne a Mega-City One, wani makeken birni a gabashin Amurka bayan yaƙin nukiliya, inda mutum ɗaya yake kama mai laifi, ya yanke masa hukunci a nan bakin titi, ya kuma zartar. Ba ya cire hular kwanonsa, don haka haɓarsa da ɗaurarren bakinsa kawai mai karatu yake gani. Abin da ya bambanta shi da jaruman mujallun Amurka shi ne yana tsufa tare da masu karanta shi: an fara labarin a shekarar 2099, kuma kowace shekara da ta wuce a duniyarmu ta wuce a tasa, ta yadda yanzu dattijo ne da ya haura saba'in, yana ɗauke da nauyin duk abin da ya aikata. A "The Apocalypse War" na 1982 da hannunsa ya danna maɓallin da ya shafe birnin abokan gaba da dukan mutanen cikinsa, kuma bayan shekara talatin, a "Day of Chaos", waɗanda suka tsira suka dawo ɗaukar fansa da wata annoba da ta hallaka mafi yawan mazauna birninsa. Irin wannan haƙuri, na a shuka abu a bar shi shekara talatin kafin a girbe, ban san wani labarin zane da ya yi shi da kyau haka ba.

Sai dai tunda Wagner ya rage rubutu, ingancin Dredd ya dogara ne ga wanda alƙalamin ya faɗo wa a wannan watan. Idan Rob Williams ne ya rubuta, Henry Flint ya zana, ana samun aiki mai nauyi kamar "The Small House" na 2018, ko "A Better World" na 2024, inda wata ma'aikaciyar lissafi daga cikin alƙalan, wato jami'ai irin su Dredd, ta nuna cewa karkatar da kuɗin tsaro zuwa ilimi yana rage aikata laifi, masu cin moriyar tsoro kuma suka taso mata. Amma a tsakanin irin waɗannan akwai gajerun labarai na cike gurbi, waɗanda a cikinsu wani sabon salon hauka yake ɓullowa a birnin, Dredd ya zo ya fasa kawuna, a rufe da barkwanci. Wasunsu suna ba da dariya, da yawansu kuma kafin wata Laraba an manta da su.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin tsarin mako-mako ita ce abin da aka yi a ƙarshen shekarar 2012. Labarai uku ne suke gudana a mujallar, ɗayansu na Dredd, na marubuta uku, Al Ewing da Simon Spurrier da Rob Williams, kowanne da mai zanensa da salonsa, kuma ba a sanar da kowa cewa suna da alaƙa ba. Ana cikin haka, a ƙarshen shafukan Dredd na wani mako, sai ya sa ƙafa ya ɓalle wata ƙofa. Da mai karatu ya ci gaba zuwa labari na gaba, sai ya ga ƙofar nan ta faɗo cikin ɗakin da jarumin wancan labarin yake, Dredd yana tsaye a bakinta. Daga nan aka gane ashe labari ɗaya ake ta karantawa ta fuskoki uku. An tattara shi daga baya a littafi mai suna Trifecta, kuma yana da daɗi a hakan, amma wanda ya karanta littafin ya riga ya sani tun daga bango, don haka mamakin ya wuce shi.

A cikin labaran shekarun baya-bayan nan, Brink na Dan Abnett da mai zane I. N. J. Culbard, wanda ya fara a 2016, shi ne nake ganin ya fi kowanne. An gama lalata duniya, ragowar 'yan Adam sun koma zama a cunkushe cikin tashoshin sararin samaniya, kuma wata jami'ar bincike mai suna Bridget Kurtis tana bin diddigin ƙungiyoyin asiri da suke yaɗuwa a cikin ma'aikata. Sau da yawa shafi biyar ɗin makon ba su ƙunshi komai ba face mutum biyu suna magana a wani matsattsen lungu ko a ofis, ƙarƙashin haske mai launin kore ko shunayya da ba ya kama da na rana, ga wasu ƙananan rubuce-rubuce a gefe suna bayyana sunan kowa da aikinsa kamar yadda na'ura za ta nuna. Ba a harbi, ba a gudu, amma kowace hira tana ƙarewa da wata 'yar magana da ke sa mutum ya koma baya ya sake duba abin da aka faɗa. Abnett ya san cewa kowane kashi dole ne ya zama yana da nasa mafari da nasa abin da zai bar mai karatu da shi, kuma wannan ita ce ƙwarewar da mujallar ta ginu a kanta. Thistlebone na T. C. Eglington da Simon Davis, labarin tsoro da ke faruwa a karkarar Ingila, yana kusa da shi a daraja, ko da yake zanen fentin Davis ne ya ɗauki mafi yawan nauyin.

Babban aibin mujallar a yau yana fitowa ne daga inda kuɗi suke. Tunda kusan kowane labari za a tattara shi a sayar a matsayin littafi, wasu marubutan littafin suke rubutawa, sai kawai a yanyanka shi gida goma sha biyu. Sakamakon haka shi ne makon da mutum zai karanta shafi biyar na tafiya daga wani wuri zuwa wani, ko na faɗan da aka fara tun wancan mako ba a gama ba, ya rufe bai ƙaru da komai ba. Wani aibin kuma shi ne nisan da ke tsakanin zango da zango: labari yakan tsaya a kan gaɓa mai zafi, ya ɓace shekara guda ko fiye, ya dawo da 'yan layukan tunatarwa da ba su isa su maido wa mutum sunayen 'yan wasa ba, balle dalilin rigimarsu.

Akwai kuma riƙo da tsofaffin jarumai. An ce tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma gaskiya ne cewa shekarun 1980 sun bar gado mai wuyar kamowa: Strontium Dog, wanda ya shigo daga mujallar Starlord a 1978, da Rogue Trooper na Gerry Finley-Day da Dave Gibbons, da Nemesis the Warlock na Mills da Kevin O'Neill, da kuma Halo Jones na Alan Moore da Ian Gibson, labarin wata yarinya talaka wadda littafinta na farko kusan dukansa a kan fita cefane ne a unguwa mai haɗari. An shirya yin littattafai tara na Halo Jones, uku aka yi, aka tsaya saboda saɓani a kan haƙƙin mallaka, kuma irin wannan saɓani tare da kuɗin da Amurka take biya su suka kwashe manyan marubuta da masu zane, har mujallar ta yi rauni a shekarun 1990. Amma farfaɗo da waɗannan sunaye ba kullum yake haifar da ɗa mai ido ba. An sake tayar da Rogue Trooper sau da dama kafin Garth Ennis da Patrick Goddard su samo abin faɗa na gaske a 2023, kuma a ganina a sassan ƙarshe na Sláine, wani tsohon labari na Mills, wa'azin marubucin ya rinjayi labarin, duk da kyawun zanen.

Future Shocks, gajerun labaran nan na shafi huɗu masu ƙarewa da juyin ba-zata, su ne ƙofar da sababbin marubuta suke shigowa ta ciki tun 1977, kuma ta nan Moore da Grant Morrison suka bi. Mafi yawansu ana hango ƙarshensu tun daga shafi na biyu. Ina karanta su ne don sanin wanda zai yi suna nan gaba, ba don daɗinsu ba.

A lissafina, a cikin labarai biyar na mako na yau da kullum, ɗaya yakan zama na ƙwarai, biyu su zama masu kyau, ɗaya a karanta shi don an riga an biya, ɗaya kuma a tsallake. Ba a taru an zama ɗaya ba, wanda na tsallake wataƙila shi wani ya fara buɗewa, kuma tunda jerin yana sauyawa duk bayan 'yan watanni, labarin da ya gundure ka ba zai daɗe yana tare maka wuri ba.

Mai niyyar gwadawa ya sani cewa ba mujallar yara ba ce, duk da cewa a haka ta fara. Akwai zubar da jini ƙarara, wani lokaci da tsiraici, da kuma shaguɓe ga hukuma da malaman coci, sannan Turancinta na titunan Birtaniya ne, cike da habaicin siyasar ƙasar da baƙo ba zai kama dukansa ba. Samun ta takarda a wajen Birtaniya yana da wuya da tsada, amma kamfanin yana sayar da ita ta intanet a ranar da ta fito, a sauke a waya ko kwamfuta. Lokaci-lokaci akan yi fitowa ta musamman wadda dukan labaran cikinta sababbin farawa ne, kuma daga irin wannan fitowar ya kamata sabon mai karatu ya soma. Wanda kuma yake son ya ɗanɗana kafin ya ɗaure kansa da biyan kuɗin wata-wata, ya nemi littafin farko na Brink.